Taswirar da Aka Ɗinka wa Temwa

Shago na uku ke nan da Tiyezge ta shiga tun safe, kuma sai a nan aka ɗauko mata abin da ya yi kama da wanda take nema. Mai shagon, wani dogon mutum da tabarau a ƙarshen hanci, ya taka kujera ya sauko da littafin taswira daga saman kanta, ya goge bangonsa da hannun riga, ya buɗe mata inda Malawi take kwance a gefen tafkinta.

"Ga shi, Mama. Duniya kaf tana ciki. Ɗan aji nawa ne?"

"Mace ce. Dar es Salaam za ta, wata mai kamawa."

Tiyezge ta ɗora tafin hannu a kan shafin ta shafa. Sumul yake kamar farantin tangaran. Ta rufe ido ta sake shafawa daga sama har ƙasa, ba ta ji tafki ba, ba ta ji dutse ba, balle inda ƙasa ɗaya ta ƙare wata ta fara.

"Ba ku da irin wanda ake karantawa da yatsu? Yarinyar ba ta gani."

Mutumin ya dube ta ta saman tabarau. "To Mama, wadda ba ta gani me za ta yi da taswira? Ai ita sai dai a riƙe mata hannu a kai ta, a riƙo a dawo da ita."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ma maganar ta fi yi mata zafi.

"Akuya ake ja a kai a dawo da ita," in ji Tiyezge. Ta zaro wayarta daga jaka, ta ɗauki hoton shafin a gaban idonsa, ta juya ta ɗauki na Tanzaniya, ta yi masa godiya, ta fita cikin yayyafin Mzuzu ta bar shi da littafinsa a buɗe.

Temwa, 'yarta, shekararta goma sha biyu. Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tun tana koyon magana, ta bar ta da kunne mai jin faɗuwar allura da bakin da ba ya barin ta kwana. Tana makarantar kwana ta makafi a wajen gari, kuma a can ta koyi ƙwallon da suke bugawa, mai ƙararrawa a ciki, wanda ake mirginowa da ƙarfi, mutum ya bi sautin ya zube ya tare da jikinsa. Gwiwoyinta duk tabo ne. A bana aka zaɓe ta cikin 'yan matan da za su je gasa a Dar tare da malamarsu, Malama Chavula, a babbar motar fasinja. Makaranta ta ɗauki nauyin komai, har fasfo ya fito. Da Temwa ta dawo hutu, abu guda ta roƙa.

"Mama, ba na son in zauna a mota ina ta tambaya, ina muke, ina muke, kamar 'yar goye. So nake in sani da kaina."

Tiyezge tela ce. Kekenta na barandar wani shagon kayan masarufi a unguwar Chibavi, inda take ɗinka kayan makaranta da fararen rigunan matan coci, tana tara ƙyallayen da suka rage a buhu. Mijinta, Yotamu Kumwenda, yana Johannesburg yana aikin lambu a gidajen masu hali, shekara ta huɗu ke nan, sai dai murya a waya. Don haka da ta dawo daga shagon littattafai ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta zazzage buhun a tsakar ɗaki, ta jingina wayar da kwano, ta ɗauki almakashi.

Kafin ƙarshen mako ta gama babban shafi guda. Ta yi tafki da yadi mai santsi, hanya da igiya, garuruwa da maɓallan riga, duwatsu kuma ta naɗe tsumman buhu ta ɗinke ya yi tudu. Ita kanta abin ya burge ta. Ta shimfiɗa wa Temwa a cinya, ta koma gefe tana jiran yabo.

Yarinyar ta daɗe tana bin sa da yatsu.

"Wannan santsin fa?"

"Tafki ke nan."

"Wannan tudun?"

"Duwatsun Nyika."

"Motar za ta hau su?"

"A'a, daga nesa ake hango su."

Temwa ta ture shafin daga cinyarta. "To me ya haɗa ni da su? Mama, wannan ai taku ce, ta masu leƙe ta taga. Ni ba hange zan yi ba. Ki gaya mini inda kunnena zai toshe, da inda mota za ta dinga karkata, da inda zafi zai fara. In na ji, sai in taɓa in ce ga mu nan."

Tiyezge ta buɗe baki za ta kira ta marar godiya, sai ta rufe, don gaskiyar ta fito fili kamar farin zare a baƙin yadi. Matsalar ita ce ita kanta ba ta taɓa wuce Karonga ba.

Washegari ta rufe keke da zane ta nufi kasuwar Taifa, wurin Mama Atupakisye mai atamfa, wadda ta fara bin hanyar Dar sarin kaya tun kanta bai yi furfura ba.

"Abin da ake gani a hanya kike so?" in ji Mama Atu, tana ninke turmi.

"A'a. Abin da ake ji."

Matar ta yi dariya har tana dafa cinya, sannan ta tsaya. "Kin san kuwa kin zo inda ya dace. Ni rabin tafiyar nan a rufe idona yake, don tsoro." Ta zauna a kan dilar kaya ta lumshe ido. "In kun fara gangaren Chiweta, kunne zai toshe, mota ta yi ta lanƙwasa hagu da dama, ki ji warin birki kamar ana ƙona taya. Kuna sauka zafi zai mare ki, sai ƙarnin kifi. To kun iso bakin tafki."

"Ba kifi ake fara ji ba, gawayin kwal ne," in ji maƙwabciyarta mai takalma, wadda ba wanda ya tambaye ta.

"Ke da kike barci tun daga tasha, me kika sani?"

Kafin a jima mata sun kewaye su, kowacce da tata hanyar. A Karonga ƙararrawar kekuna ta fi hon ɗin mota yawa. A Songwe, bakin iyaka, kowa sauka yake a taka gada da ƙafa, masu canji na tsaki suna kira, kana tsallakawa harshe ya juye. Daga nan sai hawa, sanyi ya dawo a Tukuyu, masu ayaba na buga taga, iska na ƙanshin ganyen shayi. A Makambako iska ce mai neman ɗauke ɗankwali. A gangaren Kitonga mota tsit take yi, har mashayi sai ya tuna da Allah, kuma in ka ji warin albasa to an sauka lafiya. A dajin Mikumi tudun rage gudu ne bi da bi, fasinjoji na ihun ga raƙumin dawa, direba ko a jikinsa. Daga Morogoro kuwa gumi ne har Dar. Tiyezge ba ta rubuta komai ba. Tana ji tana zaɓen ƙyalle a ranta.

Wannan karon littafi ta yi, na yadin tanti mai kauri, ta ɗaure shafukan da igiyar takalmi. Kowane shafi zango guda ne. Hanya ta zama igiya mai lanƙwasa daidai inda motar za ta lanƙwasa. Wurin sanyi ta sa ulu, wurin zafi ta sa leda. Iyakar ƙasa ta yi ta da zif, sai an zuge shi sannan shafin Tanzaniya ya buɗe. A Tukuyu ta ɗinka ƙaramin aljihu ta cusa ganyen shayi, a ƙasan Kitonga ɓawon albasa. A bakin tafki ta so ta gwada gwaninta ta sa busasshen kifi, magen maƙwabta ta kwana tana yaƙi da shafin, dole aka sake shi. Temwa ce ke huda sunayen garuruwa a kan kwali da tsinken rubutun makafi, uwar ta ɗinka kowanne kusa da maɓallinsa. Yaran layin suka mai da barandar wurin wasa, suna rufe ido suna lalube, Temwa na yi musu jarrabawa.

"Kai ka ce wannan Iringa ce? Ka wuce ta tuni, kana cikin daji, zaki ya cinye ka. Na gaba."

Ana saura 'yan kwanaki tafiya Gwaggo NyaKumwenda ta iso. Ita ce yayar Yotamu, kuma a kan 'ya'yan ƙaninta maganarta ta fi ta uwarsu nauyi, kowa ya san da haka. Babbar mace ce mai tafiya a hankali, shugabar matan cocinsu a unguwar Zolozolo. Tiyezge ta shimfiɗa mata tabarma, ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo shayi. Gwaggo ba ta taɓa kofin ba.

"NyaMsiska," ta ce, da sunan gidan su Tiyezge kamar yadda dangin miji ke kiranta, "a bakin gari na ji, ban ji a bakinki ba."

"Na gaya wa babanta, Yaya."

"Kin ce masa makaranta za ta kai su wasa."

"Na ce masa Dar. Ya san Dar ba a bayan coci take ba."

"To na yi magana da shi. Ba za ta ba." Ta ciro waya daga ƙirjinta ta latsa, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu. Muryar Yotamu ta fito, ƙasa-ƙasa, da ƙarar injin yanke ciyawa a bayansa.

"Maman Temwa, ki bi maganar Yaya. Na yi tunani na ga abin bai yi ba. Masu ido ma ɓata suke yi a wannan gari."

"Da malamarsu za su. Yarinyar ta yi shekara tana zubewa a siminti don wannan tafiya."

"Za a yi wata in ta girma."

"Kai da ka tsallake ƙasashe a bayan motar kaya, wa ka tambaya?"

"Ni namiji ne, kuma ina gani."

"Kana gani, amma shekara huɗu ba ka ga hanyar gida ba."

Sai ƙarar injin ciyawa, sannan wayar ta katse. Tiyezge ta san ta wuce gona da iri, amma ba ta ji tana son janyewa ba. Gwaggo ta mayar da wayar inda ta ciro ta, idonta ya sauka a kan littafin da ke kan tebur. Ta jawo shi ta jujjuya, ta zuge zif ɗin ta mayar.

"Wannan ne ke hure mata kunne," ta ce, ta tura shi cikin jakarta.

Hannun Tiyezge ya motsa, ta danne shi da ɗaya hannun. Ba a kokawa da yayar miji. Temwa, da ke zaune a bakin ƙofar ɗaki tun farko, ta ɗago kai.

"Gwaggo, ƙanshin shayi nake ji yana bin ki. Littafina ne a jakarki."

"Ki koyi yin shiru in manya na magana," in ji Gwaggo, ta fita.

Temwa ba ta yi kuka ba. Ta jima tana murza gefen siket ɗinta, sannan ta ce, "Na haddace shi, Mama. Ko babu shi zan tafi."

"Na sani. Amma da shi za ki tafi."

Da gari ya waye Tiyezge ta kira mai amalanke, suka kinkimi keken ɗinki da teburinsa da buhun ƙyallaye suka ɗora. Ita da Temwa suka bi shi a baya har Zolozolo. Ba ta shiga gidan Gwaggo ba, ba ta ko taɓa ƙyauren ba. Ta sa aka sauke keken a gefen hanya, ƙarƙashin bishiyar fiya da ke fuskantar ƙofar, ta sa dutse ta daidaita ƙafarsa, ta shimfiɗa wa Temwa tabarma, ta zura zare, ta fara sabon littafi. Ƙarar keken ta cika layin.

"Daga Mzuzu sai ina?" ta tambaya, da muryar da za ta tsallake katanga.

"Ekwendeni," in ji Temwa, tana huda kwali. "Ki sa ƙaramin maɓalli, ba a daɗewa."

Matan da ke dawowa daga famfo suka fara rage tafiya. Wata ta sauke bokitinta.

"Ba surukar gidan nan ba ce? Lafiya kika kawo shago nan?"

"Lafiya lau. Littafi na ɗinka wa yarinya, ya shiga gidan nan bai fito ba. Shi ne na ce bari in matso kusa. In wannan ma ana so, ba sai an sha wahalar zuwa Chibavi ba."

Matar ta rufe baki da gefen zane. Kafin rana ta ɗaga labarin ya zaga layin ya dawo. Wasu suka tsaya daga nesa, wasu suka matso suna taɓa ƙyallen, wata tsohuwa ta ce wannan rashin kunya ne, ta kuma nemi wuri ta zauna don kar a ba ta labari. Labulen tagar Gwaggo ya motsa, ya sake motsawa, ƙofa dai ba ta buɗe ba. Tiyezge ta san bayan yau babu sauran gaisuwar fatar baki tsakaninta da gidan Kumwenda. Ƙafarta dai ba ta bar taka keke ba.

Wajen tsakar rana yayyafi ya sauko. Masu kallo suka ragu. Tiyezge ta lulluɓe Temwa da leda, ta yafa zane a kan keken da kanta, ta ci gaba a ƙarƙashinsa. Ta kai shafin Karonga ke nan ta ji ƙarar sakata.

Gwaggo ta fito ba ɗankwali, abin da Tiyezge ba ta taɓa gani ba, da littafin a hannu. Ta tsallako hanya ta tsaya a gaban keken, ta buɗe wani shafi ta ɗora yatsa a kan igiyar da ta yi lanƙwasa kamar maciji.

"Kin san nan ina ne?"

"Kitonga, Yaya."

"Nan Gomezgani ya mutu."

Ƙafar Tiyezge ta tsaya. Ta san Gwaggo ta taɓa rasa ɗa, direban tanka, tun kafin a auro ita Tiyezge, ta kuma san a Tanzaniya ne. Ba a kiran sunansa a gidan, ba ta taɓa jin wurin ba.

"Akwati aka kawo mini a rufe, aka ce kar in buɗe," in ji Gwaggo. "Ban taɓa zuwa ba, ban san yadda wurin yake ba. Jiya na zauna ina bin igiyar nan da yatsa, ina cewa a wannan kwanar ce ko a waccan. Ke kuma kin ɗinka shi da jan zare kin ba yarinya tana wasa da shi."

Ruwa na ɗiga daga ganyen fiya a kan shafin. Tiyezge ta tashi ta durƙusa a cikin taɓo, don wannan maganar ta cancanci durƙuso.

"Ban san nan ne ba, Yaya. Da na sani da na zo na gaya miki da bakina kafin ki gani. Allah ya ba shi hutawa." Ta ɗago kai. "Amma ba zan ɗaure Temwa a ƙafar gado don hanya ta ci Gomezgani ba. Ƙyanda a gida ta same ta, a kan gadona, ina rungume da ita. Wane tsaro ne ban yi ba?"

Gwaggo ta dube ta, ta dubi yarinyar da ke cikin leda.

"In ta tafi, ba da yawun Kumwenda ba. Kuma za ki amsa a gaban dattawa a ƙauye."

"Zan amsa. Ku sa rana bayan ta dawo."

Gwaggo ta ajiye littafin a kan teburin keke ta juya. Ta kai tsakiyar hanya Temwa ta yi magana.

"Gwaggo, in mun iso wurin zan sani. Zan yi masa addu'a."

Matar ta ɗan tsaya, ba ta waiwayo ba, ta shige ta ja ƙofa.

Ranar tafiya babu wanda ya zo rakiya daga dangin uba, Yotamu kuma bai kira ba. Tasha cike take da 'yan kasuwa da dilolinsu. Malama Chavula na ta jera 'yan matanta, kowacce da hannu a kafaɗar ta gabanta, suna waƙa. Temwa ta rataya littafin a wuya da igiya, ta ƙi yarda a sa shi a jaka. Ta rungumi uwar a gaggauce, hankalinta na kan ƙofar mota.

"Ki ci abinci, Mama. Ina jin ƙashinki."

Tiyezge ta tsaya har motar ta sha kwana ta ɓace. Ta zauna a kan wani buhun da ba nata ba, har mai shi ya zo ya tsaya yana kallonta. Duk tsoron da ta hana kanta ji a gaban Gwaggo ya zo ya same ta a nan, babu ragi.

Ta koma baranda ta kasa ɗinki. Ta ɗauko littafi na biyu, wanda ta fara a Zolozolo, ta dinga bin igiyar da yatsa tana kintatar inda suke. A Karonga ya ƙare, daga nan ba ta da komai a hannu. Can da yamma wayar Malama Chavula ta shigo, da hayaniya a bayanta.

"Mama, mun zuge zif," in ji Temwa. "Da ƙafata na taka gadar. Kuma ni na gaya wa Malama mun kusa Tukuyu, ita barci take."

"Ba barci nake ba, ido na rufe," aka ce daga gefe.

Ba su ci kofi ba. 'Yan Kenya sun lallasa su, su kuma sun doke wata ƙungiya ɗaya, Temwa ta dawo da yatsa a naɗe da bandeji da muryar da ta dishe. Tun a tasha ta fara kawo ƙara. Akwai doguwar gada da Mama Atu ta manta da ita ɗungum. Iskar Makambako ba ta ji ta ba, don an rufe tagogi. Dar kuma ba gishiri take wari ba, warin kwata take da man suya, sai ranar da aka kai su bakin teku.

"Kuma teku ba tafki ba ne, Mama. Ja yake. Yana zare yashi daga ƙarƙashin ƙafarki kamar mai son kayar da ke. Ba ki da ƙyallen da zai yi wannan."

"Za mu gani," in ji Tiyezge.

Dattawa suka sa rana bayan girbi. Tiyezge ta tafi ƙauyen, can bayan Rumphi, da Temwa da kaza a kwando, kamar yadda take zuwa kullum. Tana tuƙa tuwon masara a madafa ta hango Gwaggo ta ja yarinyar bayan rumbu. Ba ta ji abin da suka ce ba. Ta dai ga Temwa na kwatanta wani abu da hannu, tana gangarawa tana lanƙwasawa, Gwaggo na sauraro da kai a sunkuye. Ta yi zaton abin ya huce.

Bai huce ba. Da aka zauna a gindin mangwaro, Gwaggo ce ta tashi ta zayyana komai, tun daga maganar da aka gaya wa Yotamu a waya har keken da aka kafa mata a ƙofar gida, ba ta rage ko ɗaya ba. Babban dattijon, ƙanen kakan Temwa, ya saurara yana kaɗa sandarsa. Ya ce yarinya ta dawo lafiya, an gode Allah, amma dawowa lafiya ba ta wanke laifi. NyaMsiska za ta miƙa kaza, ta durƙusa ta ce ta yi kuskure, a wuce wurin.

"Kaza na kawo, Baba, tana tukunya, ta miya ce," in ji Tiyezge. Tana durƙushe, idonta a ƙasa, kamar yadda ya kamata. "Maganar da na gaya wa babanta ta yi kaushi, wannan na yarda, zan ba shi haƙuri in ya kira. Keken da na kai ƙofar Yaya ma, in ya ɓata mata rai, ta yafe mini. Amma tafiyar ba kuskure ba ce. In na ce kuskure ce na yi ƙarya, kuma yarinyar na ji."

Aka yi ta juya maganar har inuwa ta bar su. Wani ya lallashe ta, wani ya yi mata tsawa, wata ta raɗa mata cewa kalma ɗaya ce fa, ta faɗa ko a baki ne. Ba ta faɗa ba. A ƙarshe dattijon ya yanke cewa rabon masarar ɗakin Yotamu zai zauna a rumbu har sai matarsa ta sauko. Tiyezge ta yi godiya, ta wanke tukwanen da ta yi girki da su, ta kifa su, suka kama hanyar bakin titi da kwando babu komai.

Masarar shekarar ba ta zo ba. Ta ƙara karɓar ɗinki, har da facin wandunan masu acaɓar keke da a da take ƙi. Yotamu ya yi makonni bai kira ba. Ranar da ya kira, wata Asabar da rana, Temwa ya nema. Tiyezge ta miƙa mata wayar ta koma kan keke, ta rage taka shi don ta ji. Ya daɗe yana tambaya, yarinyar na ba shi labarin 'yan Kenya da yatsanta da wani mai sayar da rake da ya so ya cuce ta. Sau ɗaya Tiyezge ta jiyo dariyarsa ta cikin wayar.

"Baba, in ba Mama?"

Temwa ta sauke wayar daga kunne.

"Ya ce in gaishe ki."

"Ki ce ina amsawa," in ji Tiyezge. Ta gyara zaman wandon a ƙarƙashin allura, ta ci gaba da takawa.